Baƙo a Tukunyar Baba Raɗaɗi

Baba Raɗaɗi ake ce masa, kuma sunan na yi masa daɗi. Shagonsa ɗan ɗaki ne a layin bayan tashar mota, tsakanin shagon tela da na mai gyaran rediyo. In ka shiga, warin dafaffen ganye ne zai fara yi maka sannu da zuwa. Ga buhuna jingine da bango, ga turmi a lungu, ga tukunyar ƙarfe a kan risho, sai kwalabe a jere bisa katako, da ɗan benci da kwano a ƙarƙashinsa. Sana'arsa ɗaya ce tak, ruwan wanke ciwo. Ba ya maganin farin jini, ba ya na ƙarfin maza. In ƙuna ce, ko yanka, ko maruru da ya fashe, ko gyambon da ya ƙi rufewa, to ka zo gida. In ciwon kai ne, sai ya nuna maka kantin magani na bakin titi da haɓa.

A wurin mahaifiyarsa ya gaji aikin. Ganye biyu take haɗawa, kuma don kada maƙwabta su ɗauke mata sirri, ba ta taɓa kiransu da sunansu ba. Ɗaya Yaya, ɗaya Ƙani. Tana yawan cewa Yaya shi kaɗai rago ne, Ƙani shi kaɗai ba ya jimiri, sai an haɗa su a tukunya ɗaya suke tuna abin da ya kawo su. Ruwan nata fari-fari ne, mai sanyi. Yaro zai zauna a cinyarta a wanke masa gwiwa, ko uffan ba zai ce ba.

Wannan sanyin ne ya kusa kashe wa ɗanta kasuwa lokacin da ya buɗe shago, yana sabon magidanci. Wani direba da ƙarfe ya yanka a hannu ya miƙo, aka zuba masa, ya tsaya yana jira.

"To zuba maganin mana."

"Ai shi ne na zuba."

"Wannan? Malam, in ruwan wanka nake so ai akwai famfo a tasha."

Ya yarfe hannu ya tafi wurin wani mai magani na bakin tasha, wanda in ya zuba nasa har ƙato sai ya kira uwarsa. Haka mutanen layin suke. Maganin da bai yi zafi ba, a ganinsu bai kama aiki ba. Matashin mai shagon ya yi ta zaman kashe ƙuda, matarsa da ciki, har ran da wani mai sayar da itatuwa ya nuna masa wani jan ɓawo. Ya jiƙa shi, ya tace, ya ƙara a kan Yaya da Ƙani. Ruwan ya koma ja kamar an wanke tsatsa. Mutum na farko da aka zuba wa lebura ne, ya yi tsalle har ya buga kai da dokin ƙofa, ya fita yana ɗingishi yana shelar cewa yau ya ga magani. Kafin wata ya ƙare sunan Raɗaɗi ya bi layi.

Mahaifiyar tasa tana da rai a lokacin. Ta zo shagon, ta buɗe tukunya, ta sunsuna, ta dube shi.

"Wa ya gayyato wannan baƙon?"

"Inna, kasuwa ce."

Ta mayar da murfin. Daga ranar shi ma ya dinga kiran ɓawon Baƙo. Da Baƙon nan ya yi rufin gida, ya aurar da 'ya'ya, ya kai autarsa makaranta har ta samu aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar koyon kiwon lafiya.

Maƙwabcinsa Tela kuwa, tare suka yi furfura a layin. Ba a taɓa jin sun gaisa kamar mutanen kirki ba.

"Boka, ka kwana? Yau wa za ka soya?"

"Wanda ka ɗinka wa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, shi zai zo ya faɗi a nan."

Tela na da ciwon suga, ga shi mutum ne mai ganganci da jikinsa. Wata rana babban almakashinsa ya suɓuce daga tebur ya caki ƙafarsa ta dama, dab da babban yatsa. Ƙafar da yake taka keken ɗinki da ita ke nan, ita ke ciyar da gidansa. Bai yi shawara da kowa ba, ya tsallako ya zauna a bencin abokinsa. Baba Raɗaɗi ya wanke, ya ɗaure. Washegari ma haka, har abin ya zama musu kamar gaisuwar safe.

Abu ɗaya ne ya dami Baba Raɗaɗi. In ya zuba, Tela ko gezau.

"Ba ka ji komai ba?"

"Kamar ana yi mini fifita. Boka, ko dai ka tsufa ne?"

Maganar ta sosa masa rai. Ya koma tukunya ya ƙara Baƙo. Tela ya ce har yanzu shiru. Ya sake ƙarawa, har ruwan ya yi duhu. Ciwon dai bai rufe ba, amma Baba Raɗaɗi ya ce wa ransa ƙafar mai suga ce, dole ta yi nawa.

A tsakanin nan ne Auta ta zo gida da magana. A wurin aikinsu, in ji ta, suna gwada ruwan ganyayyaki a kan ƙwayoyin cutar da ke sa ciwo ruɓewa, su ga wanne ne ke ƙara wa wani ƙarfi in an haɗa su. Tana so ya ba ta nasa, kowanne daban, sannan a haɗe. Baba Raɗaɗi ya cika mata kwalabe da hannunsa, ya bi ta har bakin titi yana ja mata kunne kada ta bari a zubar. Kafin ta kai wurin aiki duk layin ya ji cewa masu ilimi sun aiko neman maganinsa. Mai rediyo ya fara kiransa Likita. Tela kuwa ya ce ba za a kunyata layi ba, ya zauna da ƙafar nan a naɗe ya ɗinka masa sabuwar riga mai ruwan toka, wai ta zuwa karɓar lambar yabo.

Ran da Auta ta kira shi ta ce ya zo ya gani, a cikin rigar ya tafi.

Ya zaci zai tarar da manyanta a tsaye. Sai ya ga ɗakin wayam, dogayen tebura farare, firji na gurnani a lungu, warin sabulu ko'ina.

"Ina mutanen?"

"Sun fita cin abinci, Baba. Zauna nan."

Ta jawo masa kujera mai tsawo. Ya lura ba ta kallon idonsa. Ta sa safar hannu, ta ɗauko wasu ƙananan farantai na gilashi masu murfi ta jera a gabansa. Cikin kowanne akwai wani abu kamar an shafa madara, a tsakiya kuma ɗan ɗigon takarda.

"Wannan fari-farin da kake gani, ƙwayoyin cutar ne muka shuka. Takardar nan kuma mun jiƙa ta da magani. In maganin ya fi ƙarfinsu, za ka ga sun ja da baya, wurin ya yi fili a kewayen takardar. In filin ya yi faɗi, maganin ya yi ƙarfi."

"Na gane. Kamar an watsa wa tururuwa ruwan zafi."

"Yauwa. Wannan Yaya ne shi kaɗai."

Ɗan fili kaɗan, kamar zobe.

"Rago," in ji shi yana murmushi. "Inna ta faɗa."

"Wannan Ƙani." Shi ma kaɗan. "Wannan kuma su biyu a haɗe."

Baba Raɗaɗi ya sunkuya. Filin ya buɗe sosai, ya fi na biyun farko ko da za a haɗa su wuri ɗaya. Ya ji idonsa ya ciko. Ya gyara wuyan riga.

"Allah ya jiƙan tsohuwa. To kawo na shagon, ki ga aiki. In waɗannan sun yi haka, ai nawa sai ya fasa farantin."

Auta ta tsaya da farantin ƙarshe a hannu. Sannan ta ajiye shi a hankali. Takardar tsakiya ja ce. Fari-farin ya zo har jikinta ya kwanta, babu fili ko na tsinke.

"Kin manta ba ki zuba ba."

"Na zuba, Baba."

"To ya tsufa a kwalba."

"Na sake da sabo, wanda ka ba ni daga baya. Na sake, na kuma sakewa. Na ba wata abokiyar aikina ta yi, ban gaya mata na waye ba. Haka yake fitowa. In Baƙo ya shiga, sai ya kashe wa biyun ƙarfi. Shi kuma a karan kansa ba ya taɓa ƙwayoyin. Fata kawai yake ci."

"Amma zafin..."

"Zafin naman mutum ne yake ƙonewa, Baba."

Firjin ya ci gaba da gurnaninsa. Baba Raɗaɗi ya dubi ƙofa, sai yanzu ya gane dalilin da ya sa ɗakin yake wayam. Yarinyar da ya yi wa wanka da hannunsa ita ce ta zaɓi lokacin da babu kowa, don kada a ga fuskar ubanta. Wannan ya fi farantin yi masa nauyi.

"Mutane suna warkewa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙaramin ciwo in an wanke an ɗaure, sau da yawa jiki na rufe shi da kansa."

Fuskoki ne suka dinga zuwa masa. Wata mai sayar da gawayi da ƙuna a dantse. Wani tsoho mai gadi da gyambo a ƙauri. Sun zo, sun zo, sai ya daina ganinsu. Duk wanda bai dawo ba, shi a lissafinsa ya warke ne. Bai taɓa bin sawun ko ɗaya ba.

Can ya ɗago kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓata.

"To ai da sauƙi. In cire Baƙo. In koma na Inna. Gobe in dafa sabo in wanke wa Tela, kin ga ai..."

"Baba." Ta cire safar hannun. "Faranti ba ƙafa ba ne. Abin da ka gani yana nufin ganyen Inna sun cancanci a ci gaba da bincike a kansu, shi ke nan. Ciwon Baba Tela ya wuce wanki. Ran da na shiga gaishe shi na ji warin tun daga ƙofa. Na ce ya je asibiti, ya ce in bar maganar manya. Kai kaɗai zai ji. Yau, Baba, ba gobe ba."

A motar haya ya zauna a takure, yana jin kamar kowa ya san abin da aka nuna masa. Da ya sauka a bakin layi ya so ya zagaya ta baya, amma mai rediyo ya riga ya hango shi.

"Likita ya dawo! Ina lambar? Ko ta yi nauyi an biyo ka da ita a mota?"

"Ana kan aiki," in ji shi, bai tsaya ba.

Tela na kan keke, yana takawa da diddige, yatsun a ɗage.

"Boka! Rigar ta yi magana ko? Na san sun tambayi wanda ya ɗinka."

"Kawo ƙafar."

"Ai ka wanke da safe."

"Kawo, na ce."

Ya durƙusa a kan tarkacen yadi ya warware ƙyallen. Kullum yana warware shi, amma kullum idonsa na kan kwalba ne da fuskar Tela, yana jiran ya ga ya yamutsa. Yau ya dubi ciwon. Bakin ciwon ya yi fari ya saɓule, babban yatsa ya yi duhu, kumburi ya haura har idon sawu. Ya danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Jikin mutumin da zafi.

"Tun yaushe kake zazzaɓi?"

"Wane zazzaɓi? Zafin gari ne."

"Tashi mu je asibiti."

Tela ya janye ƙafar. Ya leƙa waje, ya rage murya.

"Kai, ka san abin da kake faɗa? In aka gan ni na tsallake ƙofarka na tafi asibiti, wa zai ƙara zama a bencinka? Ni da nake jikin bangonka? Ana cikin maganar za a ba ka lamba? Bar shi, zai rufe. Ƙara mini jan nan kawai."

Ashe ya sani. Ashe tun tuni mutumin nan yake kwana da ƙafa tana ruɓa, yana zuwa da safe da zolayarsa, don kada layi ya ce maganin abokinsa ya gaza. Baba Raɗaɗi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yana nan durƙushe, ƙyallen a hannunsa.

"Babu lamba," ya ce. "Jan nan ba ya komai. Ci yake yi. Ni na ci maka ƙafa."

"Wa ya ce?"

"Na gani da idona."

"Yarinyar nan ce ko? Yaran yanzu, in sun sa farar riga..."

"Kada ka taɓa mini 'ya. Tashi."

Tela bai iya takawa har titi ba, dole sai da aka kira mota ta shigo layin. Kafin ta iso mutane sun taru. Baba Raɗaɗi ya sa kafaɗa ya tallafo shi, suka fito a hankali a gaban kowa, suka wuce ta gaban shagon magani, ƙofarsa a buɗe, jajayen kwalabe na kallon titi.

"Likita, lafiya? Ina za a kai shi?" in ji mai rediyo.

"Biki za mu," in ji Tela. "Ba a gayyace ka ba."

Ba wanda ya yi dariya. Baba Raɗaɗi bai ɗaga kai ba har aka rufe ƙofar mota.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya, wadda ba za ta girmi Auta ba, ta buɗe ƙafar. Tana gani ta kira likita. Likitan ya duba, ya tambayi yaushe abin ya faru, ya tambayi suga, sannan ya nuna farin bakin ciwon.

"Me ake zuba wa nan? Wannan ƙuna ce a kan ciwo."

"Wani ruwa ne na saya a tasha," Tela ya yi caraf. "Wurin wani mai wucewa. Ban ma san shi ba. Wannan ɗan'uwana ne, rako ni kawai ya yi."

Likitan ya juyo. Da Baba Raɗaɗi ya yi shiru, da maganar ta wuce a haka. Ya matso gaba.

"Ni ne. Ni nake haɗawa, ni nake zuba masa. Da ya ce ba ya jin zafi, sai na ƙara."

"Rashin jin zafin ai shi ne alamar ciwon suga ya taɓa jijiyoyin ƙafar," in ji likitan. Bai ɗaga murya ba, bai zage shi ba. "Me da me ke ciki, Baba? Ina bukatar in sani."

Sunayen da mahaifiyarsa ta ɓoye wa maƙwabta, waɗanda shi ma bai taɓa furtawa gaban bare ba, ya lissafa su a tsaye a tsakiyar ɗaki, marasa lafiya na gadajen gefe suna saurare. Ma'aikaciyar jinyar ta ce ya fita ya jira. Ya zauna a dogon bencin waje. Da matar Tela ta iso a firgice, ya miƙe ya ba ta wuri, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baban Auta, Allah ya saka," don ba ta san komai ba tukuna. Ya kasa cewa amin.

An cire babban yatsan da na kusa da shi. Likitan ya ce ƙafar ta tsira da ƙyar, da an ƙara jinkiri da sai daga gwiwa. Tela ya daɗe a gado ana ɗura masa magani ta jijiya. Kullum Baba Raɗaɗi na zuwa, ya zauna ta wajen kan gadon, inda ba zai ga bandejin ba.

Shagon nasa bai rufe ba, amma ya canja. Buhun jan ɓawon ya fitar da shi da rana tsaka ya kai bola. Wasu sun ce tsufa ne ya taɓa shi, wasu sun ce 'yarsa ce ta raina masa sana'a, wasu kuma sun san gaskiya, su ne masu gaishe shi da ladabin da ya fi na da, abin da ya fi komai ƙona masa rai. Yanzu ƙananan ƙujewa kawai yake wankewa. In ya ga rami, ko kumburi, ko aka ce akwai suga, sai ya miƙe ya raka mutum bakin titi. Auta na zuwa karɓar Yaya da Ƙani don aikinsu, yana ba ta, ba ya tambayar abin da ya fito.

Da Tela ya dawo layin, ƙafar dama ba ta iya danna keke. Ya gyara zama ya fara koyon takawa da hagu, yana tsufa yana koyo. Keken ya ƙi shi. Ya tafi da gudu, ya tsaya, ya koma baya ya tsinke zare. Ɗinkin farko da ya yi ya karkace har mai kayan ya dawo da shi.

Da safe Baba Raɗaɗi ya kan ja ƙofarsa ya shigo, ya zauna a bayan keken ya riƙe bakin yadi, don kada ya zame in keken ya fizga. Idonsa na kan allura, ba ya sauke shi ƙasan tebur.

"Ja mana, Boka. Yadi ne, ba zai yi ihu ba."

Ya ja.

"Ba haka ba! Za ka yaga wa mutane kaya. Kai wai me ka iya ne a duniya?"

Da can Baba Raɗaɗi yana da amsar wannan tun kafin a rufe baki. Ya buɗe baki, ya rufe.

Tela ya tsayar da keken ya dube shi.

"In ba za ka rama ba, tashi ka koma shagonka. Ba na ɗinki da bebe."

Baba Raɗaɗi ya gyara riƙon yadin.

"Taka," ya ce. "Layin ɗinkin ya fara miƙewa."